ME YA SA ƘASHIN UWAYENMU MATA KE SAURIN KARYEWA?

   

Yau hirarmu a kan ƙashi take, ƙashin uwayenmu mata da kakanninmu. Kada maza su ce zancen bai shafe su ba. Kowane namiji mace ta haife shi. In uwa ta kwanta, gida duka ya kwanta.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko wannan magana. A ajin da nake koyarwa akwai wata mata mai ƙoƙari ƙwarai. Ba ta fashin zuwa. Sai ga shi ta yi mako uku ba mu gan ta ba. Da ta dawo na tambaye ta ko lafiya. Ta ce uwarta ce ta karye a hannu. Na ce, mota ce ta buge ta, ko sa ne ya tunkuɗe ta? Ta ce a'a. Ta fito daga wanka ne, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannu, shi ke nan wuyan hannu ya karye. Ta ce mini: "Malam, faɗuwar nan ko tulu ne ya yi ta, da ƙyar zai fashe. Jikanta yana yin irinta sau goma a yini, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Me ya sa ita ta karye?"

Tambaya ce mai kyau. Mutane da yawa za su ce tsufa ne kawai. To, tsufa yana ciki. Amma ku duba, tsoho da tsohuwa sa'o'in juna, tsohuwa ta fi saurin karyewa. Masana sun ƙidaya. Sun ce a duniya, cikin mata 3 da suka wuce shekara 50, 1 za ta sami irin wannan karaya. Maza kuwa 1 ne cikin 5. Akwai dalili. In mun san dalilin, za mu san abin yi.

ƘASHI ABU NE MAI RAI

Babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. In muka ga ƙashin rago bayan an cinye nama, sai mu zaci ƙashi busasshen abu ne kamar dutse. A jikin mai rai ba haka yake ba. Jini yana shiga cikinsa yana fita. Yana cin abinci. Yana ƙaruwa, yana kuma ramewa.

Ku dubi katangar ƙasa. Kowace damina ruwa yana cin ta. Kowane rani mai gida yana kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe. In yaɓe ya yi daidai da abin da ruwa ya ci, katanga tana nan shekara da shekaru. In aka bar yaɓe, sai ta sirance kaɗan-kaɗan, wata rana ƴar iska ta kayar da ita. Haka ƙashi yake. A cikinsa akwai ƴan mitsi-mitsin ma'aikata iri biyu, ido ba ya ganinsu. Iri na farko suna kankare tsohon ƙashi. Iri na biyu suna yaɓa sabo. Dare da rana suna wannan aiki. A cikin shekara 10 ko kusa da haka, sun sabunta ƙasusuwan mutum duka.

Abin da ake wannan yaɓe da shi sunansa kalsiyom. Shi ke ba ƙashi tauri. Jikin babban mutum yana ɗauke da kalsiyom wajen kilo 1, kuma 99 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar yana yawo cikin jini. Zuciya tana bukatarsa don ta buga. Tsoka tana bukatarsa don ta motsa. Saboda haka jiki ba ya yarda jini ya rasa shi. In abinci bai kawo ba, sai jiki ya je ya ɗebo daga ƙashi, kamar yadda ake buɗe rumbu da bazara. Ƙashi shi ne rumbun kalsiyom.

Tun daga yarinta har wajen shekara 30, masu yaɓe sun fi masu kankara ƙarfi. Lokacin ne rumbun ke cika. Daga nan abin ya tsaya daidai na wasu shekaru. Sannan ya soma raguwa sannu-sannu, ga mace da namiji duka.

ME KE FARUWA IN HAILA TA ƊAUKE?

Yawancin mata haila tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. In mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, alhali ba ciki, ba goyo, ba ciwo, to haila ta ɗauke. Wannan ba cuta ba ce. Haka halittar mace take.

Amma akwai abin da ke canzawa a ɓoye. A marar mace akwai ƴan jakunkuna biyu inda ƙwan haihuwa yake. Su ke fitar da wani sinadari mai suna estorojen, ya shiga jini. Estorojen yana cikin masu tafiyar da haila. Yana da wani aiki kuma: shi ke tsawata wa masu kankarar ƙashi, kada su wuce iyaka. Da haila ta ɗauke, estorojen ya ragu ƙwarai. Sai masu kankara su sami sake. Suna ta ci, masu yaɓe ba sa iya cim musu. A shekara 5 na farko mace tana iya rasa wajen 10 cikin 100 na ƙashinta. Namiji ba ya samun wannan raguwa ta farat ɗaya, kuma dama ƙashinsa ya fi kauri. Wani lokotoro na ƙasar Amurka mai suna Fuller Albright shi ya bayyana wannan a shekarar 1941. Ya lura yawancin masu zuwa wurinsa da wannan ciwo mata ne da haila ta ɗauke musu.

Lokotoro suna kiran ciwon ostiyoporoz, wato ƙashi mai ƙofofi. Mu sai mu ce zaizayar ƙashi. Kun san dirkar rumfa da gara ta ci. Daga waje lafiya lau take. In ka danna yatsa sai ya shige. To, haka cikin ƙashin yake komawa. Mugun abin shi ne zaizayar ƙashi ba ta da zafi, ba ta da kumburi. Sau da yawa karaya ce ke fara ba da labari.

WURARE UKU DA SUKA FI KARYEWA

Na farko wuyan hannu, don shi mutum ke dafa ƙasa da shi in zai faɗi.

Na biyu ƙashin baya. Ƙasusuwan baya a jere suke, ɗaya bisa ɗaya, kamar tubali. In sun zaizaye sai wani ya lotse. Wani lokaci ko faɗuwa babu, ɗaukar tulu ko tari mai ƙarfi ya isa. Wata ta ji ciwon baya mai tsanani, wata ba ta ji komi ba. Amma tsawonta yana raguwa, bayanta yana yin doro. In kun ga zanen Inna da can yana tsaya mata a idon sawu, yanzu yana jan ƙasa, ku lura. In tsawon mace ya ragu da santimita 4 ko fiye, ya kamata lokotoro ya duba ta.

Na uku kwatangwalo, wato inda ƙashin cinya ya shiga ƙugu. Wannan ita ce karaya mafi hatsari. Tana kwantar da mutum. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, wajen 1 cikin 5 na tsofaffin da suka karye a nan ba sa cika shekara a raye. Da yawa cikin sauran ba sa koma tafiya kamar da.

BITAMIN D, MAI SHIGAR DA KALSIYOM

Yanzu mu zo kan bitamin. Bitamin wasu abubuwa ne da jiki ke bukata kaɗan ƙwarai, amma in babu su aiki ba ya tafiya. Kamar gishiri ne a miya. An ba su sunan haruffa: A, B, C, D, K. Ga ƙashi, babbansu shi ne bitamin D.

Ga aikinsa. In mace ta sha nono, kalsiyom ya shiga hanjinta. Amma shiga hanji ba shiga jini ba ne. Bitamin D shi ke buɗe masa ƙofa. In babu bitamin D, 10 zuwa 15 kaɗai cikin 100 ke shiga jini, saura ya fice bayan gida. In akwai shi isasshe, 30 zuwa 40 ke shiga. Kun ga ke nan, hatsi ne a gona ba amalanken da zai kai shi gida.

In bitamin D ya yi ƙaranci ƙwarai, sabon ƙashin da ake yaɓawa ba ya yin tauri. Ga yaro, ƙafafu su lanƙwashe kamar baka, ko su yi gwame. Ga babba, ƙasusuwa su riƙa ciwo, musamman ƙugu da baya da ƙafafu. Cinyoyi su yi sanyi. Tashi daga tabarma ya zama aiki, sai an dafa ƙasa, an dafa gwiwa. Tafiya ta koma kamar ta agwagwa. Mai irin wannan rauni ta fi saurin faɗuwa. Ga ƙashi ba ƙwari, ga faɗuwa ta yi yawa. Hatsari biyu ke nan wuri ɗaya.

Ina ake samun bitamin D? A abinci kaɗan ne: kifi mai mai irin sardin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Mafi yawansa jikinmu ke yi da kansa, in rana ta taɓa fata. Daga fata ya tafi hanta, daga hanta ya tafi ƙoda, can ake gama gyara shi ya soma aiki.

GA RANA, AMMA TANA TAƁA FATA?

Na san wani zai yi dariya. Zai ce, Malam, a Nijar kuma za a yi zancen ƙarancin rana? Gaskiya ne, rana muna da ita har ta yi yawa. Amma a shekarar 2020 wasu masana sun tattara gwaje-gwajen jini da aka yi a ƙasashen Afirka da yawa. Suka tarar wajen mutum 1 cikin 3 bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Abin ya fi yawa ga mata, ya kuma fi yawa ga mutanen birni.

Dalilan a fili suke. Baƙar fata tana tare rana, saboda haka tana bukatar lokaci fiye da farar fata. Fatar tsoho ba ta yin bitamin D kamar ta yaro. Rana ba ta ratsa tufafi sosai. Ba ta wannan aiki in ta biyo ta gilashin taga. Ƙurar hunturu ma tana rage ta. Matar da ke noma, tana zuwa rijiya, tana zuwa icce, ita kam ta sami rabonta. Wadda za mu tuna da ita ita ce tsohuwar da ke yini cikin ɗaki. Da matar da ba ta fita. Da mai takaba. Da maras lafiyar da ta daɗe kwance.

Maganin wannan ba ya bukatar ko dala. Ba ya bukatar fita waje. Tsakar gida ta isa. Da hantsi, in rana ta ɗaga, a shimfiɗa wa Inna tabarma. Ta buɗe hannuwa zuwa kafaɗa, da ƙafafu zuwa gwiwa. Ta zauna minti 20 zuwa 30, sau 3 ko 4 a mako. Tana iya tsinkar zogala ko ɓarar gujiya tana zaune. Da bazara kada a bar ta cikin ƙunar rana, kuma a ajiye mata ruwan sha kusa. Zabiya kaɗai aka cire daga wannan shawara. Rana tana cutar fatarsa, shi sai ya nemi shawarar lokotoro.

KALSIYOM A CIKIN ƘWARYA

Bitamin D ba ya aiki shi kaɗai. Ina amfanin amalanke in gona ba hatsi? An ga wannan a Jos, cikin Nijeriya, a wani bincike da aka bayyana a shekarar 1999. An tara yara masu lanƙwasassun ƙafafu. Aka ba wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyom kaɗai, wasu duka biyu. Waɗanda suka sami kalsiyom su suka fi warkewa. Yaran nan ba rana suka rasa ba. Abincinsu ne ba kalsiyom. Abincin nan kuwa irin namu ne, tuwo da miya, nono kaɗan.

Macen da haila ta ɗauke wa tana bukatar kalsiyom wajen miligaram 1200 kowace rana. Hatsi da dawa da masara da shinkafa suna ba da ƙarfi, amma kalsiyom ɗinsu kaɗan ne. Ga inda yake da yawa.

Nono. Rabin lita yana da kusan miligaram 600, wato rabin bukatar yini. Na saniya, na akuya, na tunkiya, na raƙuma, duka suna da shi. Tsami ba ya ɓata shi. Nonon da aka kaɗa aka cire wa mai bai rasa shi ba. Abin da ke rage shi shi ne yawan ruwa. Hurar da aka dama da ludayi ɗaya na nono, aka cika ƙwarya da ruwa, ba ta kai ba. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha, don kashe ƙwayoyin cuta.

Cuku. Nono ne aka busar, saboda haka kalsiyom ɗinsa a tattare yake. In haƙora sun gaza, a daka shi a zuba cikin kunu ko hura.

Kuka da zogala. Busasshen ganyen kuka yana cikin ganyayen da suka fi kalsiyom. Miyar kuka ba abin rainawa ba ce. A sa mata kuka da kauri. Zogala a yi kwaɗo da ita, a yi dambu da ita, a daka busasshiya a barbaɗa cikin miya.

Ƙananan kifi busassu. Amfaninsu a cinye su da ƙayarsu. A daka su duka a zuba a miya. Sardin na gwangwani ma haka, ƙayarsa ta yi laushi, kada a cire ta.

Sai riɗi da wake, su ma suna taimakawa. Ku kuma rage gishiri da dunƙulen miya. Yawan gishiri yana fitar da kalsiyom ta fitsari.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. In an sami nono ko ƙwai ko nama a gida, tsohuwa takan ce a ba jikoki, ita ta ci zamaninta. Tausayi ne, mun sani. Amma ke ma, Iya, ƙashinki yana da haƙƙi a kanki. Kai kuma mai gida, in ka ba da kuɗin cefane, ka tambaya: an ajiye wa tsohuwa nononta?

SAURAN BITAMIN MASU TAIMAKON ƘASHI

Bitamin K yana taimaka wa kalsiyom ya kama jikin ƙashi. Yana cikin koren ganye: zogala, alayyahu, rama, lalo, tafasa, ganyen wake, kabeji, salati. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a ciki, don bitamin K da bitamin D sai da maiƙo suke shiga jini da kyau.

Bitamin C yana gina zaren da ke cikin ƙashi. Magina suna zuba ciyawa cikin ƙasa kafin su yi tubali, don kada ya tsage. Ƙashi ma yana da irin nasa zare, kalsiyom a kansa yake kwanciya. Bitamin C yana cikin lemu, gwaba, mangwaro, tumatir, tattasai da garin ƴaƴan kuka. Wuta mai tsawo tana kashe shi, kanwa ma haka. Saboda haka a riƙa cin wani abu ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Bitamin B12 yana kula da jini da jijiyoyi. In ya yi ƙaranci, ƙafafu su riƙa mutuwa ko tsikari, mutum ya riƙa tangaɗi, ba ya jin inda ya taka. Daga nan sai faɗuwa. Ana samunsa a nama, kifi, ƙwai da nono. Babu shi a hatsi ko ganye. Cikin tsoho kuma ba ya tsotse shi kamar na yaro.

Kun lura? Duk abin da na lissafa yana kasuwarmu, wani ma yana bayan ɗaki.

A YI HANKALI DA ƘWAYOYIN KASUWA

Wata za ta ce, to, in sayi ƙwayar bitamin in huta. Ku saurari abin da gwaji ya nuna.

A Faransa, a shekarar 1992, an bayyana gwajin da aka yi da tsofaffin mata 3270 masu zama gidajen kula da tsofaffi. Rabinsu aka riƙa ba su kalsiyom da bitamin D kullum har wata 18. Karayar kwatangwalo ta ragu da 43 cikin 100. Waɗannan mata ne masu ƙaranci, ƙwaya ta yi musu amfani.

A Amurka, a shekarar 2022, an bayyana wani gwaji na mutum kusan 26000, yawancinsu ba su da ƙaranci. Ƙwayar bitamin D ba ta rage musu karaya ba.

A Ostireliya, a shekarar 2010, an ba tsofaffin mata bitamin D mai yawan gaske a sha ɗaya, sau ɗaya a shekara. Faɗuwa da karaya suka ƙaru.

Darasin a fili yake. Mai ƙaranci ƙwaya tana taimakonta. Mai isasshe ba ta ƙara mata komi. In ta yi yawa kuma sai ta cutar. Yawan bitamin D yana iya lalata ƙoda. Lokotoro ne zai ce wa ke bukata, da nawa za ta sha.

Akwai wani hatsari da ya fi wannan. Masu tallar magani a bisa tire suna sayar da ƙwayoyin ƙiba da na ciwon gaɓoɓi. A cikinsu akwai masu suna deksametazon da firednizolon. Suna kwantar da ciwo da sauri, suna sa fuska ta cika. Amma in aka yi watanni ana sha, suna cinye ƙashi ƙwarai. Suna kawo hawan jini da ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari rana ɗaya, wannan ma hatsari ne. Ta ɗauki kwalin ta kai wa lokotoro, shi zai rage mata sannu-sannu. Shan taba da shan giya su ma suna rage ƙwarin ƙashi.

MOTSI DA KIYAYE FAƊUWA

Ƙashi yana son a yi aiki da shi. In yana ɗaukar nauyin jiki, masu yaɓe suna himma. In aka kwanta, su ma su kwanta. Saboda haka kada mu hana tsohuwa motsi da sunan gata. Ta yi tafiya kullum, ko zuwa gaida maƙwabta ne. Ta yi shara, ta ba awaki dusa. Ta riƙa zama bisa kujera tana tashi sau 10, safe da marece, don cinyoyi su yi ƙarfi. Abin da za a ɗauke mata shi ne kaya mai nauyi a ka, da duƙawa ta ɗaga abu mai nauyi, musamman in bayanta ya soma doro.

Sannan mu gyara gida. A zuba tsakuwa ko yashi a wurin wanka, kada ya yi santsi. A kafa icce a makewayi don dafawa. A kwashe igiya da taɓarya da turken akuya daga hanya. A cike ramuka. A ajiye mata tocila kusa da shimfiɗa don fitar dare. In ta tashi daga kwance ta ɗan zauna tukuna, kada jiri ya ɗebe ta. In ido ya yi yana, ana cire ta a likita. Sanda kuwa ba abin kunya ba ce.

IN KARAYA TA AUKU

In tsohuwa ta faɗi ta kasa tsayuwa, tana kukan ƙugu ko matsematsi, ƙafa ɗaya ta gajarta, tafin ya juya waje, to ku ɗauka kwatangwalo ne. Kada a ja ƙafar. Kada a murza. Kada a tilasta mata takawa. A kwantar da ita bisa ƙyaure ko katako, a kai ta likita ran nan. Manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa suna ɗaukar hoton ƙashi. Wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin tsoka, kara da tsumma ba sa kama ta. Yawanci sai an yi aiki. Doguwar kwanciya kuwa tana kawo gyambon baya da ciwon huhu, su ne ke kashewa.

Mun san maɗora, mun san mutane sun yarda da su. Amma ko hannu ne, a fara ɗaukar hoto a ga yadda ƙashin ya zauna. In an yi ɗauri, ku duba yatsu. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, ko ba ta jin su, ɗaurin ya matse jini. A sassauta nan take a tafi likita. Ɗaurin da ya matse yana sa a rasa hannu.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Karaya ta farko gargaɗi ce. Wadda ta karye sau ɗaya daga ƙaramar faɗuwa, hatsarin ta sake ya ninka wajen sau 2. In hannu ya warke, magana ba ta ƙare ba. A koma a tambayi lokotoro: ƙashin nan ya zaizaye ne? Akwai magungunan da ke rage wa masu kankara ƙarfi, wani sau ɗaya ake sha a mako. Haka ya kamata a duba wadda haila ta ɗauke mata kafin shekara 45, da ramammiya ƙwarai, da wadda uwarta ko ubanta ya taɓa karyewa a kwatangwalo.

Ku kuma ƴan mata da matan aure masu ƙuruciya, yanzu ne kakarku. Abin da kuka zuba a rumbu kafin shekara 30, shi za ku ci bayan shekara 50. Ku sha nono, ku ci ganye, ku ba ɗiyanku mata. Shayar da jariri yana ɗiban kalsiyom, amma jiki yana mayar da shi bayan yaye. Kada wata ta hana ɗanta mama saboda wannan hira.

Ɗalibar nan tawa, da muka karanta wannan darasi a aji, ta ce za ta koma da uwarta likita. Ta kuma ce ta zuba tsakuwa a wurin wanka tun jiya. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa ƙashin mace ke saurin zaizayewa bayan haila ta ɗauke?
2. Mene ne aikin bitamin D, kuma ina ake samunsa?
3. Ku faɗi abinci 5 na garinku masu kalsiyom.
4. A gidanku wa ke yini cikin ɗaki? Me za ku yi mata gobe da hantsi?
5. In tsohuwa ta faɗi ta kasa tsayuwa, me za a yi, me ba za a yi ba?

MU RUBUTA

Kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta: ƙashi, ƙugu, ƙwai, kuka, nono, rana. Ku lura da lanƙwasar da ke kan harafin ƙ. Wanda ya rubuta ƙashi ya manta lanƙwasa, ya rubuta wani abu dabam, kuma ƴan aji za su yi masa dariya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman tsofaffin gida.